Lissafin Ɗiyar Mushe

Masu karatu da suka yi samartakarsu a Maraɗi, ko Damagaram, ko Tawa, a farkon shekarun 1990, sun san yadda darajar ɗan lakkol ta faɗi a idon iyayen ƴan mata. A ƙarshen shekarun 1970, lokacin da kuɗin uraniyom ke shigowa ƙasa, yaron da ya kai lise kamar ya riga ya sa ƙafa guda cikin biro ne. Gwamnati na ba shi bursu, in ya gama ta ɗauke shi aiki, wata na mutuwa albashi na sauka. Uwar da ta ji sallamar irin wannan yaro a ƙofar gida sai ta aika masa da tabarma da ruwan randa. Kafin a yi shekara goma sha biyar abin ya juye. Farashin uraniyom ya karye, baitulmali ya bushe, ɗaukar aiki ta tsaya, ma'aikata suka koma ƙirga watannin da suke bin gwamnati bashi. Ɗan lakkol ya zama mutum mai dogon Faransanci da aljihu fayau, kuma babu wanda ya san ranar da karatunsa zai zama tuwo.

Cikin wannan hali ne wani yaro ɗan unguwar Bagalam ya shiga lise Ɗan Baskore a ƙarshen 1991, shekarar da aka yi babban taron ƙasa a Yamai, daga 29 ga Yuli zuwa 3 ga Nuwamba. Ubansa tela ne, yana da keken ɗinki biyu a wata rumfa kusa da babbar kasuwa. Yaron shi ne ɗan fari, saboda haka uban bai taɓa kiran sunansa ba, iyakarsa ya ce "kai yaro", uwar ma in za ta yi maganarsa sai ta ce "wancan". Amma duk da wannan alkunya kowa a gidan ya san a kansa aka ɗora buri. Ba a bar shi ya koyi yanka tufa ba, don kada keke ya janye shi daga takarda. Aikinsa a rumfa, in ya taso lakkol, shi ne sa maɓalli, da guga da dutsen gawayi, da karɓar kuɗi.

Azumin 1992 ya faɗo a watan Maris, zafi ya fara kankama, teloli ba su barci saboda ɗinkin salla. Wata yamma, ana saura kwana goma, wata yarinya ta zo da ƙanenta karɓar ɗinkin gidansu. Yaron ya ajiye littafin lissafin da yake karantawa a kan teburin guga, ya karɓi kuɗi, ya miƙa mata canji ba tare da ya ɗaga kai ba. Ta ƙirga, ta mayar masa da dala biyar, ta ce, "Mushe, lissahinka bai yi daidai ba. Wagga ba tawa ba ce." Yaran rumfa suka yi dariya. Sai a lokacin ya dube ta. Daga ranar ba ta ƙara kiransa da wani suna ba sai mushe, ko da yake a gidansu ne mushen gaskiya yake, don ubanta ya fi shekara ashirin yana koyarwa a lakkol firamare. Ita kanta ta kai aji uku a kwaleji kafin yajin aiki da rashin kuɗin kaye da littattafai su zaunar da ita gida.

Bayan salla ya fara zuwa zance. Tsarin zance a lokacin sananne ne: bayan sallar isha'i saurayi ya yi sallama, a aika yaro cikin gida, yarinya ta ɗauki lokacinta kafin ta fito, a zauna a bakin zaure inda mai wucewa zai gani, ga fitila a tsakani. Abin da baki ya kasa faɗi a gaban fitila sai a bar ma takarda. Ƙanenta ne ɗan aike, ladarsa alewa. Da Faransanci suke buɗe wasiƙa, domin kalmomin so sun fi sauƙin fita da harshen aro, kamar yadda mutum kan yi tafiyar ƙasaita cikin rigar da ba tasa ba. In magana ta kai ga abin da ya dame su da gaske, rashin lafiyar innarta ko faɗan ubansa, sai alƙalami ya koma Hausa da kansa. Yana ajiye wasiƙunta cikin wani gwangwanin biskit a ƙarƙashin katifa, har suka haura talatin.

A wajen littafi da silima ya koyi abin da yake zaton shi ne so. A waɗannan shekaru littattafan soyayya na Kano suna shigowa ta Jibiya da Ɗan Isa tare da atamfa da man fetur, ana karɓa hannu da hannu har bangonsu ya yage. Da dare kuma silima na nuna fina-finan Indiya. Darasin da ya ɗauka daga gare su guda ne: masoya biyu ba abin da ke raba su sai mugun attajiri ko azzalumin uba, kuma in sun daure, ko su yi nasara ko su mutu tare. A cikin labaran da ya karanta bai taɓa cin karo da wanda tsawon shekaru kawai ya raba ba. Hausawa sun ce so hana ganin laifi, kuma ga wannan yaro har ganin kalanda ya hana.

A gidan mushe kuwa kalanda ake kallo. A watan Maris na 1993 aka zaɓi Mahamman Usman shugaban ƙasa, mutane suka yi fatan al'amura za su daidaita, amma asusun gwamnati bai cika ba, albashi ya ci gaba da makara, ƙungiyoyin ƙwadago da na ɗalibai suka ci gaba da yajin aiki. Mushe ya sayar da mobiletinsa. Hatsi sai bashi wurin wani mai awo da ya taɓa koyar da ƴaƴansa. Baki tara ke ci a gidan. Ƙawayen yarinyar, waɗanda suka yi wasan gaɗa tare a dandali, duk an kai su ɗakunansu, wasu har da goyo. Wannan ba baƙon abu ba ne a ƙasarmu. Binciken da aka yi a 2012 ya nuna kashi 76 cikin 100 na matan Nijar ana aurar da su kafin su cika shekara 18, kuma jihar Maraɗi ta fi wannan adadi. In haka abin yake shekara ashirin bayan wannan labari, mai karatu ya auna irin kallon da ake yi ma budurwa ƴar shekara goma sha takwas a unguwa a 1993, da irin tambayar da ake yi ma uwarta a gidan suna.

Ana nan sai wani ɗan kasuwa ya fito. Mutum ne mai shekara talatin da ƴan kai, bai taɓa zama bisa bencin lakkol ba, makarantar allo ya yi. Ya fara da ɗaukar ma wani alhaji kaya, ya koyi hanyar Katsina da Kano, har ya buɗe shagon atamfa nasa na kansa. Bai zo zance ya zauna gaban fitila ba sai sau biyu. A karo na uku manya ya turo, da goro da kuɗin gaisuwa. Ɗan tela ya yi wata ashirin yana zuwa ƙofar gidan nan, bai taɓa turo kowa ba, domin ya san in kawunsa ya shiga zauren mushe, tambayar farko ita ce sana'ar yaro, ta biyu kuma ina zai ajiye ta. Zance na yara ne, neman aure na manya, kuma shi a zance ya tsaya.

A wani daren hunturu, ƙarshen 1993, ya iske ta ta fito ba kwalliya, ta lulluɓe da zane. Ya riga ya ji labari a gari. Ya fara jero mata maganganun da ya shirya tun a hanya, na alkawari da haƙuri da ranar da zai zama wani abu. Ta bar shi har ya gama, sa'an nan ta ce, "Mushe, tsaya mu yi lissahi. Bana, in Allah ya yarda, ka samu bak. Guda ke nan. Ka tahi Yamai shekara huɗu, in ba a soke wata shekarar ba. Biyar. Bautar ƙasa shekara biyu. Bakwai. Sa'an nan ka jira a ɗauke ka aiki. Ni yanzu sha takwas gare ni. Sha takwas da bakwai nawa ne?"

Bai ba ta amsa ba. Ya ce, "Tilasta ki aka yi."

Ta ce, "Babu wanda ya tilasta ni. Baba ya sa goggo ta tambaye ni har sau biyu. Ni na amsa."

Ya ce, "To, kina son shi?"

Ta yi shiru, ta gyara lagwanin fitila. Ta ce, "Ban ƙi shi ba, mutumin kirki ne. Kai nika so, ka sani. Amma ƙannena biyu mata suna bayana, kuma ba a aurar da ƙarama a bar babba. Ka ga Baba da ƙahwa yake zuwa lakkol yanzu. In na jira ka, mu uku muka jira."

Da ta ce masa auren dole ne, da ya samu sauƙi, don da ya san inda zai ajiye fushinsa, kuma da labarinsa ya yi daidai da na littafi. Abin da ya fi ƙona masa rai shi ne, da bakinta ta ce tana son shi, kuma da bakin nan ta amsa ma wani. Ya tashi bai yi sallama ba.

A lokacin ne fadodin samari suka fara yaɗuwa a garuruwa, bayan samariya ta watse tare da mulkin jam'iyya guda. Fadarsu tana bakin titi ne, da benci biyu da butar shayi da rediyo. A nan aka yi shari'ar abin da ya same shi, dare bayan dare, daga shayi na fari mai ɗaci har na uku mai zaƙi. Wani ya ce ƴan matan zamani kuɗi ne addininsu. Wani ya ce alhazai sun saye gari, sun saye kwastan, yanzu sun koma sayen ƴaƴan mutane. Wani da ya karanta ƴan littattafan siyasa ya ɗora laifin bisa Bankin Duniya. Daga ƙarshe wani ya kawo shawarar da ta zauna masa a zuciya. Ya ce, "Ba kana da takardunta ba? A kai ma uwar angon guda uku, a samu mai karanta mata. In aurenga ya kai salla, a canza mani suna."

Babu abin kunya cikin wasiƙun nan. Gaisuwa ce, da kewa, da ƴan kalmomin da yara kan kwafo daga littafi. Amma wanda ya san garinmu ya san rubutun hannun budurwa, da sunanta a ƙasa, tana ce ma wani namiji tana son shi, ya isa. Ko auren bai mutu ba, ta shiga gidan miji da gorin da zai bi ta har tsufa, a bakin uwar miji, a bakin dangi, a bakin kishiyar da ba a ma auro ba tukuna. Mushe kuma, wanda ba abin da ya rage masa sai mutunci, da shi ma ya tafi. Yaron ya san wannan duka. Saninsa ne ma ya sa shawarar ta yi masa daɗi. Ya fiddo gwangwanin ya zaɓi wasiƙa uku, ya sa su cikin aljihun rigarsa, yana yawo da su.

Ya daina cin abinci sosai, ya rame, ya bar zuwa aji. Uwarsa ba ta iya zama ta tambaye shi ba saboda kunyar ɗan fari, sai ta karɓo rubutu wurin malam ta aika masa ta hannun ƙanwarsa. Kakarsa ta wajen uba ce kaɗai ke shiga ɗakinsa kai tsaye, da kwanon fura, tana tsokanar sa kamar yadda kaka kan yi ma jika. Ta ce, "Maigida, mi ya yi zahi? Ga ni nan, ni ce uwargida, ban tahi ko'ina ba." Da ta ga bai yi dariya ba sai ta zauna bakin katifa. Ta ce a tsohon gari aka yi mata aure, can cikin gulbi, shekara guda kafin ruwan 1945 da ya sa aka tayar da Maraɗi zuwa kan tudu. Ta ce, "Ni ma akwai wani mai kokowa da nika so a dandali. Ran da aka kai ni ɗakin kakanka, kuka na yi har muryata ta dushe. Ban mutu ba. Shi ma bai mutu ba, ɗiya goma sha ɗaya ya haihwa. Sha hurarka." Ya sha, amma wasiƙun na nan cikin aljihu.

Ran 12 ga Janairu 1994 aka wayi gari an karya darajar sefa. Faran guda na Faransa, da ake saye sefa 50, ya koma 100. Duk abin da ke zuwa daga waje ya tashi, magani, shinkafa, zare, allura, balle atamfar Holan. An riga an sa ranar aure kafin azumi, wanda ke tafe tsakiyar Fabrairu. Gidan ango suka kawo lefe. Uwar amarya ta ɗauki atamfofin da za a ɗinka, ta kai su rumfar da ta saba kai ɗinkinta shekara da shekaru. Ta san ɗan wa ke guga a rumfar, mata ba su rasa sanin irin wannan. Amma a duk kasuwar, wannan tela ne kaɗai zai yi mata aiki ya jira kuɗinsa har ranar da gwamnati ta tuna da mijinta.

Saura kwana huɗu ɗaurin aure, bayan isha'i, uban ya sallami yaran rumfa, ya ce ma ɗansa ya tsaya. Ya shimfiɗa turmin Holan bisa tebur, ya ajiye takardar awo da alli da babban almakashinsa, wanda bai taɓa bari wani ya taɓa ba. Ya ce, "Kai yaro, idona ba shi gani da dare yanzu. Kai za ka yanka wanga." Yaron ya ce bai taɓa yanka ba. Uban ya ce, "Shekara goma kana kallo, ka iya. Abu guda zan gaya maka. Ɗinki in ya ɓaci ana warware shi. Yanka ba shi da gyara, abin da ka yanke ya yanku. Turminga, da kuɗin yau, in ya lalace ko keke na sayar ban biya shi. Amana ce mutane suka kawo, don sun yarda da gidanmu. Ka duba da kyau kahin ka sa hannu." Ya ɗauki butarsa ya fita. Bai ambaci yarinya ba, bai ambaci takarda ba, kuma har ya koma ga Allah ɗansa bai san iyakar abin da ya sani ba.

Yaron ya daɗe zaune gaban atamfar, kasuwa ta yi tsit, sai haushin karnuka da tarin mai gadi. Da farko fushinsa ya dinga maimaitawa. Daga baya, da yake babu ƴan fada da za su amsa masa, sai ya samu kansa yana sake lissafin da ta yi masa, amma wannan karo daga inda take zaune. Ya tambayi kansa abin da ya kai ƙofar gidan nan cikin wata ashirin, ya ga wasiƙu ne da alewar ƙanenta da alkawarin da ba shi da rana. Ya tuna shi namiji ne, in ya kai talatin bai yi aure ba za a ce karatu yake yi, ita kuwa in ta kai ashirin da biyar a gidan ubanta za a ce wani abu ne da ita. Shekara bakwai ɗin da yake ganin haƙuri ne kawai, a wurinsa jira ne, a wurinta kuwa ƙuruciyarta ce gaba ɗaya, da ta ƙannenta biyu. Ya tuna kuma ba ta yi masa ƙarya ba. Ta iya cewa tilasta ta aka yi ta bar shi yana zagin ubanta, amma ta mayar masa da gaskiya kamar yadda ta mayar masa da dala biyar. Ya nemi mugu cikin labarin, ya duba mushe, ya duba mai atamfa, ya duba yarinyar, bai samu ba. Wanda ke shirin zama mugun shi ne mai takarda uku a aljihu.

Ya ɗauki alli ya zana, ya auna sau biyu, ya yi bisimilla ya sa almakashi. Hannunsa ya yi rawa a yanka na farko, daga nan ya tsaya. Kwana uku shi da ubansa suna bisa keke, ba mai ce ma wani komi sai "miƙo zare". A daren ƙarshe ya je gida ya ɗauko gwangwanin. Ya hura gawayi cikin dutsen guga, ya dinga sa wasiƙun ɗaya bayan ɗaya, har da ukun nan na aljihu, bai sake karanta ko guda ba. Da asuba ya goge kayan, ya ninke su. Da ƙanenta ya zo ɗauka, ya ce masa, "Ka ce ma yayarka takardu sun ƙare, ko guda ba ta saura ba. Ta kwantar da hankalinta."

Ranar ɗaurin aure ya bi ubansa zuwa ƙofar gidan mushe. Ya tsaya a baya, ya ji an ambaci sadaki, an yi siga, maroƙi ya ɗaga murya ya sanar. Ya ɗaga hannu ya shafa fatiha tare da jama'a, aka miƙo masa goro da dabino ya karɓa. Ƴan fada suka ce ya ba su kunya, wasu suka yi wata guda ba su yi masa magana ba. Kada mai karatu ya zaci ciwon ya tafi da hayaƙin takardun. Ya yi azumin shekarar kamar marar lafiya. Ya fi shekara yana kauce ma layin da aka kai ta. Bak ɗin da ta sa masa a lissafin bana bai samu ba sai baɗi. Abin da ya sauya shi ne, ya daina neman wanda zai biya shi bashin baƙin cikinsa, ya ɗauki abinsa da kansa. A gida kuma, tun daga daren almakashi, in za a yanke wata shawara, ta sayen hatsi ko ta auren ƙanwa, sai uban ya ce a kira yaron nan a ji ta bakinsa.

Ya hau mota ya yi tafiyar kilomita fiye da 600 zuwa Yamai, ya ƙetare gadar Kennedy, inda aka harbe ɗalibai uku ran 9 ga Fabrairu 1990, ya shiga jami'ar Abdu Mumuni. Yana can aka yi juyin mulkin 27 ga Janairu 1996, yana can aka yi na 9 ga Afrilu 1999. Bursu na makara kamar yadda albashi ke makara, shekarar karatu guda takan ci wata goma sha takwas. A lokacin ne yankan da ya koya a dare guda ya ciyar da shi, don yakan je rumfar wani tela a Harobanda ya yi aiki a biya shi. Ya yi bautar ƙasa yana koyar da lissafi a wani kwaleji na karkara, ya yi kwantaragi, sa'an nan aka ɗauke shi aiki. Sai da ya shekara goma cif bayan wancan daren hunturu kafin ya iya tura kawunsa zauren wani da goro. Lissafin ɗiyar mushe ya gaza da shekara uku, kuma wajen sauƙaƙa masa ne ta yi kuskuren.

Ita kuwa ta zauna ɗakinta lafiya. An ce ita ke riƙe ma mijinta littafin shago, kuma tun da ta karɓe shi ba a sake cutarsa a lissafi ba. Ƙannenta biyu suka yi aure a bayanta. Da tela ya rasu ta zo gaisuwa tare da matan unguwa. A bakin zaure ta rusuna ta ce, "Mushe, ya haƙuri? Allah shi jiƙan Baba." Ya ce, "Amin, Hajiya, na gode. A gaida Alhaji." Suka iya kallon juna ba wanda ya sunkuyar da kai, kuma wannan ba zai yiwu ba da takarda uku sun isa inda aka so a kai su.

Samarin yau ba su da gwangwanin biskit. Abin da budurwa ta rubuta ko ta faɗa yana cikin waya, da muryarta da hotonta, kuma aika shi ga gari duka bai fi taɓa allo da yatsa ba. Shawarar da aka ba ɗan tela a fada ana ba da irinta kullum, sai dai shi ya samu kwanaki yana yawo da takardu a aljihu kafin ya yanke, na yanzu kuwa yakan aika kafin fushinsa ya huce. Shi ya sa duk shekara, in ya ga wani ɗan ajin ƙarshe ya rame ya koma bencin baya yana kallon taga, mushen yakan tsayar da shi bayan an tashi. Ba ya tambayarsa sunan yarinya. Yakan gaya masa abin da tela ya faɗi game da ɗinki da yanka, ya ce masa ya je ya ci abinci.

Yanzu shi ma yana da ɗiya budurwa. Tun 2010 Maraɗi ke da jami'arta, yaro ba sai ya tafi Yamai ba, kuma ƴan mata na shiga, ko da yake har yanzu ba su kai maza yawa ba. Da wani ɗalibi ya fara yawan sallama a ƙofar gidansa, sai ya sa aka shigo da shi zaure. Bai tambaye shi abin da ya mallaka ba, don ya san amsar. Ya ba shi takarda da bik ya ce ya rubuta shekarun da suka rage masa kafin ya iya riƙe gida. Sa'an nan ya ce ma uwar ɗiyar ta shiga ɗaki ta sa ita ma ta yi nata lissafin, ba tare da ta ga na yaron ba. Yaron ya rubuta huɗu. Ɗiyar ta rubuta shida, ta ƙara a ƙasa cewa za ta jira, domin ita ma uku daga ciki na karatunta ne.